Ciwo a Baya, Magani a Maraina: Yadda Dajin Furostet Ke Girma

Kawuna tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya yi shekara da shekaru a gaban injin saƙa kafin masana'antun su durƙushe. Da ciwon baya ya matsa masa, kowa a gida ya ce tsayuwar da ce ta biyo bashi. Aka sha maganin sanyi, aka shafa man zafi, aka yi ƙaho. Sai da ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi, yana jan ta zuwa masallaci, sannan muka kai shi asibiti. Bayan gwajin jini da hoto da ɗan naman da aka tsakuro aka duba, likita ya zaunar da mu ya ce daji ne, daga furostet ya taso, kuma ya riga ya shiga ƙashin baya. Ya ba mu zaɓi biyu, ko allura duk bayan wata uku, ko ƙaramar tiyata a cire 'ya'yan maraina.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Likita, ranka ya daɗe, ni bayana ke ciwo. Me ya haɗa baya da can?"

Likitan ya ce, "Baba, abincin ciwon daga can yake fitowa." Gaskiya ya faɗa, kuma da irin layin da ke jiransa a waje ba zai iya wuce haka ba. Amma na ga yadda wannan tambaya ke hana dattawa karɓar magani, na kuma ga yadda iyali ke zargin an yaudare su idan ciwon ya dawo bayan shekara biyu. Duk wannan yana da bayani, bayanin kuwa yana cikin ƙwayar halittar da ido ba ya gani.

A rediyo da jaridu ana yawan cewa "dajin mafitsara", alhali mafitsara daban, furostet daban. Furostet wani ƙullutun nama ne kamar goro, yana zaune a ƙarƙashin mafitsarar namiji, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa kamar yadda zare ke ratsa ƙwayar carbi. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Kumburin tsufa, wanda ba daji ba ne, daga tsakiya yake farawa, kusa da bututun, shi ya sa nan da nan yake matse fitsari. Daji kuwa galibi daga gefen baya yake tsirowa, nesa da bututun. Sai ya yi shekaru yana girma mutum na fitsarinsa lafiya lau. Wannan ne ya sa likita ke sa yatsa ta dubura ya taɓa, domin ta nan gefen yake kusa. Kuma wannan ne ya sa a ƙasarmu, inda shi ne dajin da ya fi kama maza, da yawa ba sa zuwa asibiti sai ya kai ƙashi.

A ɗauki ƙwayar halitta guda ta furostet kamar gidan Bahaushe. Akwai katanga, akwai tsakar gida, akwai ƙurya. A ƙuryar ake ajiye kundin gado, wato DNA, wanda aka rarraba shi juzu'i 46, rabi daga uba, rabi daga uwa. Kowane juzu'i na ɗauke da babi-babi, kowane babi umarni ne na ƙera wani furotin. Ba duka ake karantawa lokaci guda ba. Ƙwayar ido da ta hanta da ta furostet kundi ɗaya gare su, bambancinsu babin da kowacce ta buɗe.

A furostet, mai buɗe babi shi ne sinadarin namiji, testosteron. Fiye da kashi 90 cikin 100 nasa maraina ne ke samarwa, bisa umarnin da ke saukowa daga wani ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan ya biyo jini ya shigo gidan, wani sinadari ya juya shi zuwa DHT, wanda ya fi shi ƙarfin kamu. A tsakar gida akwai wani furotin zaune, ana kiransa AR, makarɓin saƙon namiji. Wasu furotin ne ke rirriƙe da shi, ba sa barinsa ya motsa. Da zarar DHT ya shiga aljihunsa sai siffarsa ta sauya, masu riƙon su sake shi, ya shige ƙurya tare da ɗan'uwansa, su biyu su dafa kan kundin a wuraren da aka yi musu alama, su buɗe ɗaruruwan babi. Wasu na cewa ƙwaya ta rayu, wasu na cewa ta rabu biyu, wasu na cewa ta ƙera PSA, wanda aikinsa na asali tsinka maniyyi bayan ya fita. Shi ne ake aunawa a jini. Saboda haka gwajin PSA tamkar kasa kunne ne a ji ko AR na aiki, da kuma yawan ƙwayoyin da yake aiki a cikinsu. Wani abin da ke ba ni mamaki har yau, babin da ke ƙera AR yana kan juzu'in X, wanda namiji daga mahaifiyarsa kaɗai yake samunsa.

Ƙwayar daji ta furostet ba ta rabuwa da wannan ɗabi'a don ta zama daji. Ko ta yi ƙaura zuwa ƙashin baya ko ƙugu, tana nan 'yar furostet, tana jiran saƙon maraina. Makiyayanmu sun daɗe da sanin cewa taure ba ya zama kamar bunsuru, fiɗiya na sauya jiki duka. A 1941, Charles Huggins da ɗalibinsa Clarence Hodges a Jami'ar Chicago suka nuna cewa idan aka cire maraina, ko aka ba majiyyaci sinadarin mata, dajin da ya bazu yana lafawa, mutanen da ke kwance saboda ciwon ƙashi suna miƙewa. Wannan aiki ya ba Huggins kyautar Nobel a 1966. Allurar da ake yi a fatar ciki yau, irin su goserelin, manufarta ɗaya da tiyatar, sai dai ita daga sama take toshe umarnin, ta gajiyar da ƙullutun ƙwaƙwalwa har ya daina aika wa maraina saƙo. A makonnin farko takan ɗaga testosteron kafin ta kashe shi, shi ya sa ake haɗawa da ƙwayar bicalutamide ta tare AR a wannan ɗan tsakanin. Wanda ƙashin bayansa ya riga ya kamu, tsallake wannan ƙwaya na iya jawo masa shanyewar ƙafa.

To, in kowane namiji na da testosteron da AR, me ke mayar da wata ƙwaya daji? Lalacewa ce ke taruwa a kundin, kaɗan-kaɗan, cikin shekaru masu yawa. Wadda ta fi jan hankalina an gano ta a 2005 a Jami'ar Michigan. A juzu'i na 21 akwai babi biyu maƙwabta. Ɗaya TMPRSS2, wanda makunninsa a hannun AR yake, kullum a kunne a furostet. Ɗayan ERG, mai tura ƙwaya ta motsa ta kutsa cikin nama, wanda a ƙa'ida a kashe yake a wannan wuri. Sai zaren DNA ya tsinke, wajen gyara a manne makunnin na farko a jikin na biyu. Kamar mai gyaran wuta ne ya ɗauki wayar fitilar zaure, wadda ake kunnawa kowane dare, ya jona wa injin niƙa. Mai gida bai sauya komai ba, fitila yake kunnawa yadda ya saba, amma inji ke tashi. An kuma nuna cewa shi kansa AR, wajen buɗe babi, yana janyo wuraren biyu kusa da juna, yana ƙara yiwuwar tsinkewar. Ana samun wannan jonin a kusan rabin dajin furostet na Turawa, amma a 'yan asalin Afirka da na Asiya bai kai haka ba.

Jonin shi kaɗai bai cika isa ba. Abokin ɓarnarsa shi ne ɓacewar PTEN, wanda ke juzu'i na 10. Idan saƙon girma ya ƙwanƙwasa katanga daga waje, wani furotin mai suna PI3K yakan yi rubutu a jikin katangar ta ciki. Wani kuma, AKT, ya zo ya karanta, ya shelanta wa gida cewa a ci, a ƙera, a yi ƙiba, kada a mutu. Aikin PTEN wanke allo. Yana goge rubutun da zarar an gama da shi. Idan ƙwaya ta rasa PTEN, rubutu na nan daram dare da rana, AKT na ta shela ko babu wanda ya ƙwanƙwasa. Ana rasa shi a kimanin ɗaya cikin biyar na dajin da bai fita daga furostet ba, a wanda ya bazu kuwa adadin ya doshi ninki biyu. A 2011 masu bincike suka nuna cewa wannan hanya da ta AR suna danne juna, idan aka toshe ɗaya sai ɗayar ta ƙara ƙarfi. Duk wanda ya ga ruwan Agusta a lungunan Rigasa ya san wannan, ka toshe kwata nan, ya ɓalle ta can.

Akwai sauran. MYC a juzu'i na 8, mai hura wutar rabuwa, yakan yi kwafi fiye da ƙima. SPOP, mai kwashe furotin da suka gama aiki, ciki har da mataimakan AR, yakan lalace a kusan ɗaya cikin goma, sai shara ta taru tana ci gaba da aiki. Wani babin kuma ba a yaga shi, liƙe shi ake yi da wani sinadari ya ƙi buɗuwa, kamar GSTP1 mai kare ƙwaya daga guba, wanda ake tararwa a liƙe a kusan tara cikin goma. Yawan waɗannan da irinsu ne ke raba dajin da zai kwanta shekara ashirin bai taɓa mai shi ba da wanda zai kai ƙashi cikin 'yan shekaru. Dattawa da yawa na rasuwa da wani dalili dabam alhali akwai ɗan daji a furostet ɗinsu da bai taɓa motsi ba. Makin Gleason da ake rubutawa a takardar sakamako, wanda Donald Gleason ya tsara a shekarun 1960, ƙoƙari ne na gane wanne ne wanne daga yadda naman ya hargitse a madubin likita. Maki 6 sau da yawa sa ido kawai ake yi, 8 zuwa 10 kuwa ba a jira.

Batun yankin MYC ya shafe mu kai tsaye. A 2006 aka gano cewa a wannan ɓangare na juzu'i na 8 akwai bambance-bambancen gado masu ƙara haɗari, wasunsu sun fi yawa a masu asalin Afirka. A Amurka baƙar fata na mutuwa da wannan cuta kusan ninki biyu na farar fata. Wani kaso na wannan talauci ne da rashin samun asibiti da wuri, wani kaso kuma gado ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mafi yawan taswirar da ake da ita ta wannan cuta daga naman Turawa aka zana ta. Kullum ana tsakuro nama a asibitocin koyarwa na Barau Dikko da Shika da Kano, a ganina ya kamata a ce akwai kuɗin binciken da zai karanta kundin waɗannan ƙwayoyin, a san wace hanya dajin mazanmu ya fi bi.

Yanzu ga abin da ya fi wahalar faɗa wa iyali. An yanke testosteron, PSA ya faɗo daga ɗaruruwa zuwa ƙasa da ɗaya, majiyyaci ya ajiye sanda. Bayan shekara biyu ko uku, wani ƙasa da haka, wani fiye, lambar ta fara hawa alhali allura ba ta tsaya ba. A nan ake fara cewa maganin jabu ne, ko an yi sammu, ko likita ya ɓoye wani abu. Manomin wake ya fi kowa saurin fahimta. Ya yi feshi, ƙwari sun zube, 'yan kaɗan da maganin bai kama ba suka hayayyafa, baɗi feshin nan bai yi musu komai ba. Ƙullutun daji ba ƙwaya iri ɗaya ba ne, biliyoyi ne masu kundi daban-daban. Yunwar testosteron na kashe mafi yawa, ta bar waɗanda suka samo dabara.

Shekaru da dama an ɗauka cewa waɗanda suka tsira sun daina buƙatar AR. Ashe akasarinsu ƙara manne masa suka yi. Wata ƙwayar takan kwafi babin AR sau da yawa, kamar yadda aka gano a 1995, ta cika tsakar gida da makarɓa, ta yadda raɗa ma sai ta ji ta kamar shela. Ɗan abin da ya rage a jini ya ishe ta. Wata takan sauya harafi ɗaya a aljihun AR, aljihun ya saki, kowane sinadari mai kama da testosteron ya shiga ya tayar da shi. Har maganin da aka ba da don toshe shi yakan koma mai kunna shi, shi ya sa wani lokaci likita zai ce a daina bicalutamide sai a ga PSA ya sauka. Wata kuma takan buɗe masana'antarta a cikin gida, ta karɓi ɗanyen sinadari daga ƙullutun da ke kan ƙoda, ko ta ɗauki kitsen kolestarol, ta dafa nata testosteron. Don wannan aka ƙera abiraterone a Landan, mai toshe sinadarin CYP17 da duk wannan girki ya dogara a kansa, aka amince da shi a Amurka a 2011. Enzalutamide ya biyo baya a 2012, shi yana cika aljihun AR ne da ƙarfi ya hana shi shiga ƙurya.

Sai dabarar da ta wuce waɗannan. Wajen kwafo umarni daga kundi, ƙwaya kan yanke ta haɗa, sai wata ta riƙa yanke wutsiyar AR, wurin da aljihun yake, ta bar kai da hannuwan da ke dafa kundi. Wanda aka fi sani shi ne AR-V7. Ƙofa ce da aka cire mata ƙyaure, zancen makulli bai taso ba. Ba ya jiran testosteron, kuma maganin da ke neman aljihu ba shi da wurin kamawa. A 2014 likitocin Johns Hopkins suka nuna cewa majiyyatan da ake samun AR-V7 a ƙwayoyin dajin da ke yawo a jininsu ba su cika amfana da waɗancan magunguna biyu ba. Irin su ake karkatawa zuwa maganin ƙarin ruwa kamar docetaxel, wanda ke lalata sandunan da ƙwaya ke rabuwa da su.

A ƙarshen hanya wasu ƙwayoyin kan yar da zama 'yan furostet gaba ɗaya. Idan masu gadi biyu, TP53 da RB1, suka ɓace tare, ƙwaya kan manta asalinta ta ɗauki kamannin ƙwayar jijiya. Ba ruwanta da AR, ba ta ƙera PSA, takan nufi hanta. Mutum na ramewa, takarda na nuna lamba ƙasa. Shi ya sa ba a dogara da PSA shi kaɗai, dole a duba mutumin a kuma yi hoto.

Wannan fahimta ta sauya tsarin jinya. Da ana ajiye magunguna masu ƙarfi sai allura ta gaza. Manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2015 da 2017 suka nuna cewa haɗa docetaxel ko abiraterone da allurar tun farko yana ƙara tsawon rai ga wanda dajinsa ya bazu. Dalilin a fili yake, gara a far wa ƙwayoyin kafin masu dabara su yi yawa. Na san tsadar waɗannan magunguna ga ɗan fansho a Kaduna, na san kuma gidajen da allurar kanta ke gagara, a yi wata uku a tsallake shida. Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi. Wanda ba shi da tabbacin kuɗin allura har ƙarshe, tiyatar ta fi masa, sau ɗaya ake yi, kuma aikinta bai gaza na allura ba. Illolinsu kusan ɗaya ne, zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, mutuwar sha'awa, raunin ƙashi da na tsoka. Ya kamata a faɗa wa mutum wannan ƙarara, shi da matarsa, kafin ya zaɓa.

Me ya sa ƙashi? Akwai jijiyoyin jini marasa murfi da suka haɗa ƙugu da ƙashin baya, Oscar Batson ya bayyana su a 1940, jini na iya bin su gaba ko baya. Ɓargo kuma na fitar da wani sinadarin kira don ƙwayoyin jini, ƙwayar daji na da makarɓinsa, sai ta bi ƙamshin ta zauna a mazauninsu. Daga nan ta zuga magina ƙashi su yi ta gini ba tsari. A hoto wurin zai fito fari fat kamar ya fi ƙarfi, alhali bulo ne da aka buga da yashi mai yawa. Masu rushe tsohon ƙashi su ma sukan tashi, rushewar ta saki sinadaran girma da ke daskare a ciki, dajin ya ci ya ƙara zuga su. Idan ginin ya danne lakar baya, ƙafa ta fara nauyi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, magana ce ta awoyi, a nufi asibiti a ranar. Gashi da hasken na'ura na rage ciwon, yana kuma iya ceto ƙafa idan an zo da wuri.

Ɓangaren da Kawu ya fi saurin ganewa shi ne na zare. DNA tufka biyu ce. Kullum tana tsinkewa, kullum ana ɗaurawa. Idan sili ɗaya ya tsinke, wani furotin mai gyara da ake kira PARP ke zuwa. Idan duka biyun suka tsinke, aiki ne na BRCA2 da 'yan ƙungiyarsa, su ne ke duba ɗayan kwafin su mayar da zare yadda yake. Ƙwayar da ta rasa BRCA2 ɗauri take yi na ganin dama, kurakurai su yi ta taruwa, dajin ya zo da wuri kuma da zafi. Amma raunin nata ya zama mashiga. Idan aka toshe PARP da magani irin olaparib, wanda aka amince da shi don wannan cuta a 2020, ƙananan tsinkewa sai su zama manya, lafiyayyar ƙwaya ta gyara abinta, ta daji kuwa ba mai gyara mata, ta mutu. Wani bincike na 2016 ya samu cewa kusan kashi 12 cikin 100 na masu dajin da ya bazu da irin wannan lahani aka haife su. Lahanin BRCA2 da ke kawo wa namiji dajin furostet shi ne ke kawo wa mace dajin mama da na ƙwan haihuwa, kuma kowane ɗa ko 'ya na da rabin yiwuwar gadonsa.

Da na kai nan Kawu ya tsayar da ni. Ƙanwarsa, innarmu, dajin mama ne ajalinta tana da shekara arba'in da 'yan kai. Ya ce, "Ɗana, kana nufin abu ɗaya ne?"

Na ce, "Kawu, gwajin gado ne kaɗai zai tabbatar. Amma likita zai so ya ji wannan labarin."

Tiyatar ya zaɓa. Cikin makonni ya koma zuwa masallaci ba ya jan ƙafa, duk wata uku kuma muna zuwa a auna PSA, ina rubuta lambar a bayan katinsa. Ranar da muka koma ya faɗa wa likitan zancen ƙanwarsa da bakinsa. Likitan ya tambayi shekarun 'ya'yansa, ya ce mazan su fara gwajin jini daga shekara 40, matan kuma su je a duba su. Da muka dawo gida, tun kafin ya cire hula, Kawu ya sa aka kira masa babban ɗansa a waya, wanda ya cika 46 a bana.